Kwalin cakulan ɗin da ƙanena ya kawo mini daga Beljiyam

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan zafi na Afrilu. Ƙanena da ke karatu a Beljiyam ya zo gida shekaranjiya, kuma cikin tsarabar da ya kawo mini har da kwalin cakulan, rabin kilo. Ba irin mai sanda da muka saba saya wa yara a kanti ba ne. Kwali ne mai ruwan zinare, an ɗaure shi da ƙyalle siriri, da na buɗe sai na ga an jera su hawa uku, tsakanin kowane hawa an shimfiɗa takarda mai kauri. Na ƙirga guda 36, kuma da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Akwai mai siffar zuciya, akwai mai kama da katantanwa, akwai fari tas mai ɗan gyaɗa a kansa, akwai dunƙulallu da aka birgima cikin gari mai ruwan ƙasa, akwai waɗanda aka naɗe da takardar zinare.

Kafin in dawo daga kicin yara sun cinye bakwai, suna watsa su baki kamar gyaɗa. Ni guda ɗaya na ɗauka, wani baƙi mai kusurwa huɗu. Bayansa ya ƙaras da haƙorina ya taɓa shi, cikinsa kuwa laushi kamar man shanu, ga ƙamshin kofi. Wallahi tsayawa na yi a tsakar ɗaki ban ce komai ba har ya narke. Ban taɓa sanin haka cakulan yake ba.

Tambayoyina uku ne. A ina zan ajiye shi a zafin Kano, ga wuta ba ta zama? Ta yaya zan san abin da ke cikin kowanne, tunda 'yar takardar da ke ciki da Faransanci aka rubuta ta da wani yaren da ban gane ba? Sannan wai akwai yadda ake cin sa ne? Ƙanen nawa ya wuce Dambatta gaida dangi, wayarsa ba ta shiga.

Uwargida Zariya:
Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya yi wa ƙanen nan albarka. Abu na farko dai, ki ɗauke kwalin daga inda hannun yara zai kai.

Malam Jos:
Hajiya, kafin maganar ajiya, ki dakata da ci tukuna, ke da yaran. Irin wannan kwalin na Turai sau da yawa akan samu guda biyu ko uku masu giya a ciki, kuma ba ƙamshi kawai ba, giyar ce da kanta ake zubawa ko a kwaɓa da ita. Ki duba takardar, ko da ba ki jin yaren. Duk inda kika ga an rubuta alcool, alcohol, liqueur, rhum, kirsch, whisky, Cointreau, Grand Marnier ko marc de champagne, to wannan ba namu ba ne. Masu dunƙule ɗin nan da kika ce an birgima cikin gari su ne suka fi zuwa da ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗansa ma haram ne. Ki duba kuma ko akwai gelatine, domin a can yawanci daga alade ake samo shi.

Maman Ilham:
Innalillahi, Malam gabana ya faɗi. Na ɗauko takardar yanzu. Guda biyu na ga an rubuta marc de champagne a ƙarƙashin hotonsu, ɗaya kuma rhum. Alhamdulillah dukkansu suna hawan ƙasa, yara na sama suka ci. Na ware su gefe.

Malam Jos:
Alhamdulillah. Ki zubar da su, kada ki ba kowa.

Bazazzagi a Brussels:
Anti, shekarata tara a garin nan, bari in ɗan taimaka. Yare na biyun da kika gani Holanci ne, shi mutanen arewacin Beljiyam ke yi. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Na san abin da ya faru da ƙanenki, don ni ma ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta farko: ya ɗauki kwalin da aka riga aka shirya aka ɗaure ne. Nan gaba ki ce masa ya tsaya a gaban gilashin shagon ya ce a haɗa masa sans alcool, wato marar giya. Mai sayarwa za ta sa farin safar hannu ta riƙa ɗauko masa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wanda yake so, ta jera a kwali ta auna. Sun saba da wannan buƙatar sosai, saboda Musulmi suna da yawa a Brussels, musamman 'yan Maroko da Turkawa.

Shi irin wannan cakulan mai ɓawo a waje da wani abu a ciki, piralin suke ce masa. Asalinsa daga wani shagon magani ne. Jean Neuhaus ya buɗe shagonsa a 1857 a Galerie de la Reine, wata doguwar rumfar kasuwa mai rufin gilashi a tsakiyar Brussels, yana lulluɓe magani mai ɗaci da cakulan don ya haɗiyu. Jikansa ne a 1912 ya cire maganin ya zuba kayan daɗi a madadinsa. Da farko a takarda ake ƙunshe wa mutane, kamar yadda mai gyaɗa ke naɗe takarda ya zuba maka, sai su farfashe kafin a isa gida. Matar jikan, Louise Agostini, ita ce ta fito da wannan kwalin a 1915. Ballotin ake kiransa, kuma shi ne dai yake hannunki yanzu. Shagon na nan har yau a wurin, duk lokacin da na yi baƙo daga gida sai na kai shi ya gani.

Mai Kek Sakkwato:
Ni sana'ata ke nan, kek da kayan biki, cakulan ya ba ni wahala ba kaɗan ba a zafin Sakkwato kafin in gane halinsa. Maman Ilham, ki saurare ni da kyau.

Duk sirrin cakulan mai kyau yana cikin man koko. Wannan man yana daskare a ɗaki mai sanyi, amma da ya kai wajen digiri 34 sai ya narke. Jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Shi ya sa kika ji ya ƙaras a haƙori, sannan ya zama ruwa a kan harshe ba tare da ya bar miki maiƙo a dasashi ba. To matsalar ita ce ɗakunanmu a wannan watan suna kaiwa zafin bakin mutum, har su wuce. Shi kuma abin da yake so digiri 15 zuwa 18 ne.

Turawa za su ce miki kada a sa a firji. Gaskiyarsu a ƙasarsu. Mu nan ba mu da zaɓi. Amma akwai yadda ake yi. Ki sa kwalin gaba ɗaya cikin leda ki ɗaure, sannan ki sa a roba mai murfin da ke rufewa gam. Ki ajiye a aljihun ƙasa na firji inda ake sa kayan miya, can ne sanyin bai yi yawa ba. Kada ki kuskura ki sa shi a buɗe kusa da daddawa ko albasa ko busasshen kifi, man koko yana zuƙe wari kamar soso. Na taɓa asarar kilo biyu a haka, duk ya koma warin tattasai.

Idan za ki ci, ki ciro waɗanda kike so kawai cikin ƙaramar roba rufaffiya, ki bar ta a rufe na kamar minti ashirin kafin ki buɗe. Zufar da za ta taru sai ta tsaya a jikin robar. In kika buɗe nan take, zufar a kan cakulan ɗin za ta sauka, ta narkar da sukarin da ke samansa, in ta bushe ya yi fari-fari da garas-garas kamar an barbaɗa masa yashi.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. To ai wasu guda huɗu na gefen kwalin sun riga sun yi wani fari-fari kamar toka. Na ɗauka fumfuna ce, har na so in zubar.

Mai Kek Sakkwato:
A'a, kada ki zubar. Ki shafa da yatsa. In ya goge ya yi santsi, man ne ya narke a hanya, wataƙila a bayan mota daga filin jirgi, ya taso sama ya sake daskarewa. Bai lalace ba, ƙyallinsa ne kawai ya tafi. Fumfuna tana da gashi-gashi da wari, ba za ki kasa gane ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, ke da kika ce wuta ba ta zama, firjin da ke sanyi ya huce, ya sake sanyi ya huce, shi ne zai fi ɓata shi. Mu nan abin da muke yi wa kayan lambu, tukunya cikin tukunya. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani malami ne na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabarar har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A busasshen zafi irin na yanzu ta fi aiki. Sai dai ki tabbata robar a rufe take ruf, don laima ce a ciki.

Mai Kek Sakkwato:
Wannan ma dabara ce, in dai ruwa bai taɓa shi ba. Amma gaskiyar magana, Maman Ilham, kada ki yi masa dogon ajiya. Masu kirim ɗin madara a ciki ba sa wuce 'yan makonni ko a can. Su za ki fara da su. Fararen nan manya masu ɗan gyaɗa a kai, in kin yanka kin ga cikinsu fari mai laushi, yau ko gobe ki gama da su.

Baban Sadiq:
Ku yi mini afuwa, ni ban ga abin zumuɗi a nan ba. Alewa ce fa. Kuɗin da yaron nan ya kashe a kwali ɗaya, in aka canza shi zuwa naira a yau, zai yi cefanen gida na kwanaki. Ga shi har da giya a ciki, ga neman firji, ga neman tukunya. Da dabinon Madina ya kawo, ko zuma, da ba a sha wannan wahalar ba. Mun bar gullisuwa da tuwon madara da alkaki da nakiya, muna rawar jiki a kan kayan Bature.

Uwargida Zariya:
Baban Sadiq, tsaraba ce fa, ba ita ta aika a sayo ba. Yaro yana can cikin sanyi, ya tsuke bakin aljihunsa, ya tuna da yayarsa. Daga Beljiyam kuma me kake so ya kawo in ba abin da garin ya shahara da shi ba? Wanda ya je Madina ya kawo dabino, wanda ya je Agadas ya kawo cuku, wanda ya je Bida ya kawo tasa. Babu wanda ya bar gullisuwa. Jiya ma na yi ta.

Baban Sadiq:
Ban zargi yaron ba, Allah ya yi masa albarka. Abin da nake gudu shi ne ya zama yayi. Yanzu a wasu gidajen in ba a ga kwalin Patchi ko Ferrero Rocher cikin kayan sa rana ba sai a fara ƙananan maganganu. Talaka ya shiga uku.

Hajiya Babba:
A nan kam ina tare da kai, Alhaji. Na ga bikin da aka jera tire-tire na cakulan mai naɗin zinare a ƙarƙashin rumfa da azahar, kafin la'asar duk ya zama kunu a cikin takardarsa, ba wanda ya ci. Wannan almubazzaranci ne. Amma kwali ɗaya da ɗan'uwa ya kawo, a zauna da iyali a ci a yi masa addu'a, ni ban ga aibinsa ba. Ni ma in na je Umara nakan sayo ƙaramin kwalin Patchi saboda mahaifiyata, ba ta da haƙoran cin dabino busasshe yanzu.

Bazazzagi a Brussels:
Patchi na Labanon ne, Hajiya, Nizar Choucair ya fara shi a Beirut a 1974, shi ya sa ya cika Saudiyya da Dubai. Kamfanin cakulan na Godiva kuma a nan Brussels aka haife shi, amma wani kamfanin Turkiyya mai suna Yıldız ya saye shi. Duk da haka a riƙa karanta takarda, sunan mai kamfani ba shi ne ke nuna abin da ke cikin kowane kwali ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, maganar Baban Sadiq ce ta sa zan sa baki, inda ya ce kayan Bature. Alhaji, ba kayan Bature ba ne. Ko bishiyar koko ɗaya ba ta fitowa a Beljiyam. Fiye da rabin kokon duniya daga Ghana da Kwaddebuwa yake fita, a Afirka kuma Najeriya da Kamaru suna biye. Abin da ke cikin kwalin Maman Ilham, mai yiwuwa ne daga ƙasar nan da nake zaune ya tashi.

Kakana fataucin goro ne ya kawo shi Kumasi. Da jari ya karye sai ya shiga ƙwadago a gonar koko, kamar dubban mutanenmu na arewa. Ni ma na yi aikin ina saurayi, don haka na san shi da hannuna. Ƙwallon koko a jikin kututturen bishiyar yake fitowa, kamar gwanda. Ka sare shi da lauje mai dogon sanda, a tara, a zauna a kewaye tarin da adda ana fasawa. Cikin kowanne akwai 'ya'ya kamar talatin zuwa arba'in, lulluɓe da wani farin abu mai yauƙi, mai zaƙi da tsami, yara suna tsotsa. A tara 'ya'yan a kan ganyen ayaba, a rufe da wani ganyen, a bar su kamar kwana shida suna zafi suna tsami, ana juyawa. In ka cusa hannu cikin tarin za ka ji zafi kamar tuwon da aka sauke. Wannan ruɓin shi ne ke haifar da ɗanɗanon, in ba a yi shi daidai ba babu wani gwanin Turai da zai gyara. Sannan a shanya a kan tabarmar gora mako ɗaya ko fiye, ana motsawa da hannu ana tsince marasa kyau, ana kallon sama kada hadari ya taso.

Abin da ke ci mini rai shi ne kakana ya rasu bai taɓa ɗanɗana cakulan ba. Da yawan manoman da na sani ma haka. A 2024 farashin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba, saboda cuta da rikicewar damina sun kashe amfanin gona. Amma a Ghana hukuma ce ke yanka farashin da za a sayi koko a hannun manomi, don haka abin da ya iso ƙauye bai kai abin da aka ji a rediyo ba.

Ba ina cewa kada a ci ba ne. Ni cewa nake a ci da sanin darajarsa. Yaran da suka watsa bakwai a baki ba su da laifi, ba su sani ba ne. Maman Ilham, ki nuna musu hoton ƙwallon koko, ki gaya musu wani ne ya fasa shi da adda.

Baban Sadiq:
Allah ya jiƙan kakanka. Wannan magana ta shige ni. Amma ka ga ai ita ce hujjata: mu noma, su sarrafa, su dawo mana da shi a kwalin zinare da tsada.

Ɗan Zango Kumasi:
Amin. Haka ne, kuma ba wanda zai musa maka. Mu ma muna yin namu, akwai Golden Tree da ake yi a Tema, kuma shi an yi shi ne yadda zai jure zafinmu, yara na tallarsa a kan titi da rana tsaka. Ranar 14 ga Fabrairu ma ranar cakulan ce ta ƙasa a Ghana. Sai dai mafi yawan kokon ɗanye yake fita a buhu. Ku ma a Najeriya ai kuɗin koko ne ya gina Cocoa House a Ibadan a 1965, ga Ondo da Kuros Riba suna noma shi har gobe.

Malam Jos:
Wani abin da zai ba ku sha'awa, masana tsirrai sun sa goro da koko a dangi ɗaya. Sinadarin da ke sa mutum ya ji ya wartsake in ya ci baƙin cakulan, akwai irinsa a goro. Wanda ya saba da ɗacin goro ba zai sha wahalar son baƙin cakulan ba.

Mai Kek Sakkwato:
Tunda an zo nan, har da man kaɗanya a cikin zancen. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wani man itace da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba a madadin man koko, kuma man kaɗanya na cikin 'yan ƙalilan da aka amince da su. Wato ƙwaran da matan ƙauye ke tsinta da asuba a jihar Neja da Kwara da arewacin Ghana, wani kasonsa cikin cakulan yake ƙarewa. Manyan shagunan Beljiyam dai suna alfahari da cewa nasu man koko ne zalla. Wanda kuma ake sayarwa da arha a kasuwa, mai manne wa mutum a dasashi kamar kyandir, wannan yawanci man kwakwar manja ne aka haɗa da garin koko da sukari.

Uwargida Zariya:
To a dawo kan tambaya ta uku, ba a amsa mata ba. Yaya ake cin sa?

Bazazzagi a Brussels:
Maƙwabciyata wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, ita ta koya mini. Ba ta cin fiye da biyu a zama ɗaya, kuma bayan abinci, da kofi marar sukari. Anti, ki yi haka: ki dafa shayi ba madara ba sukari, ko ki ajiye ruwa mai ɗan ɗumi. Ruwan sanyi yana daskarar da man a baki, ba za ki ji komai ba. Ki fara da farare da masu madara, ki ƙare da baƙaƙe, domin in kika fara da mai ɗaci sauran za su zame miki sukari zalla. Ki gutsuri rabi, ki kalli cikinsa, ki shinshina, sannan ki bar shi a kan harshe. Kada ki yi saurin taunawa. Ɗanɗanon yana zuwa ne bi da bi, na farko daban, na ƙarshe daban.

Ga abin da za ki tarar. Wanda cikinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan garas-garas, wani ɗan itace ne da Larabawa ke kira bunduƙ, aka soya shi da sukari aka niƙa har ya fitar da mai, kusan yadda ake niƙa gyaɗa ta zama tunkuza. Shi ne ainihin abin da Beljiyam ta yi suna a kai. Na cikin takardar zinare mai santsi sumul, janduya ne, asalinsa daga Turin ta Italiya, bunduƙ ne da cakulan aka niƙa tare. Mai kofin da kika ci, ganash ke nan, kirim ne aka tafasa aka zuba a kan cakulan. In kin ga siriri dogo baƙi, ɓawon lemo ne aka dafa da sukari aka tsoma. Mai zubowa kamar zuma kuma ƙonannen sukari ne da man shanu, wani lokaci da ɗan gishiri.

Hajiya Babba:
Ki yanka kowanne gida huɗu da wuƙa mai kaifi, 'yata. Ta haka kowa a gidan zai ɗanɗana kowane iri, ba wanda zai ce an ci mai zuciya ba a ba shi ba. Kuma ki cire na surukarki tun yanzu kafin ya ƙare.

Baban Sadiq:
Masu ciwon sukari dai a yi hattara, kada daɗin zance ya kwashe mu. Ina da shi, na san abin da nake faɗa.

Mai Kek Sakkwato:
Gaskiya ne Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Farin ma ya fi kowanne sukari, don babu garin koko a cikinsa sam, man koko ne da madara da sukari kawai.

Maman Ilham:
'Yan uwa, na dawo da labari. Jiya bayan isha'i aka kawo wuta, na yi yadda kuka ce. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na dafa shayi da na'ana'a ba sukari, na ciro guda shida a 'yar roba na bar ta a rufe har ta daina zufa. Na yanka kowanne huɗu a kan faranti. Kafin a fara na nuna wa yara hoton ƙwallon koko a waya, na karanta musu abin da Ɗan Zango ya rubuta game da kakansa. Ilham ta tambaye ni ko mutumin ya samu lada, na ce mata in sha Allah, muka yi masa addu'a.

Mun fara da farin mai kirim. Maigidan ya ce kamar kindirmon da aka daskarar, amma ya fi shi zaƙi nesa. Mai ƙonannen sukarin da na yanka sai ya malalo a faranti, autana ya lashe da yatsa ya ce gullisuwa ce ta narke, kuma wallahi bai yi ƙarya ba, ɗanɗanon ya yi kusa sosai, sai dai gishirin da ke biyo baya. Mai ɓawon lemon yara sun yatsina fuska, ni kuwa shi ya fi kwanta mini: ɗaci ya fara zuwa, sai zaƙi, sai ƙamshin lemo ya hau har hanci ya daɗe bai tafi ba. Mun fi awa ɗaya a kan guda shida, alhali ranar farko bakwai ba su yi minti biyu ba.

Da safen nan na kai wa Hajiyarmu guda biyar a kula da ƙanƙara. Ta ƙi masu zaƙin, ta ɗauki baƙi wuluk ɗin da kowa ya guje wa. Ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta ce wannan ai ɗan'uwan goro ne, a bar mata irinsa. Malam Jos, ka ji maganarka ta fito daga bakin tsohuwar da ba ta san an yi ta ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Na gode da addu'ar nan, Allah ya raya Ilham. Na karanta wa mahaifiyata, ta yi hawaye.

Baban Sadiq:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Mai Kek, wannan baƙin da tsohuwa ta zaɓa, sukarinsa kaɗan ne? In likitana ya yarda zan so in ɗanɗana ko gutsure ɗaya.

Mai Kek Sakkwato:
Ka nemi mai sanda wanda aka rubuta 70% ko 85% a jikinsa, Alhaji. Yawan lambar, ƙarancin sukarin. Amma ka fara tambayar likitan.

Maman Ilham:
Wayar ƙanena ta shiga ɗazu. Ya yi ta ba ni haƙuri a kan guda ukun nan, ya ce a gurguje ya saya ranar tafiya bai duba ba. Na tura masa kalmar da Bazazzagi ya rubuta. Saura goma sha huɗu a kwalin, biyu daga ciki baƙaƙe ne, na naɗe su daban na Hajiya ne ranar Juma'a. Ilham kuma ta riga ta roƙi kwalin in ya ƙare, wai za ta riƙa ajiye 'yan kunnenta a ciki.